Kuka da dare yana ɓata tawakkali? Dan Allah ku taya ni amsa

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah malamai da iyayenmu da ke ciki ku taimaka min, abin ya tsaya min a rai. Ƙanwata ce ke takaba a gidanmu nan Ƙofar Marusa, mijinta ɓarayin daji suka tare a hanya yana dawowa daga cin kasuwa, aka saida gona da shanun huɗa aka haɗa da bashi aka kai masu kuɗi har da babur ɗin da suka ce, suka amshe kuma basu sako shi da rai ba. Yara huɗu ya bari, ƙaramin ko yaye ba a yi ba. To da rana tana daurewa, tana amsar gaisuwa tana cewa alhamdulillah, amma in dare ya yi kowa ya kwanta sai kiji shessheƙarta ta cusa fuska cikin filo don kar yaran su ji. Shekaranjiya gwaggonmu ta kwana nan ta ji ta, da safe ta zaunar da ita ta yi mata tas, wai wannan kukan rashin tawakkali ne, wai jayayya take da hukuncin Allah, wai ma kukanta azaba ne gare shi cikin kabari. Tun lokacin yarinyar nan ta bar kukan amma kuma ta bar magana, abinci ma sai an yi da gaske. Jiya take tambayata a hankali wai Yaya kina ganin imanina ya tafi ne? wlh rasa abin ce mata na yi.

Ummin Fahad:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanshi ya amshi shahadarshi, ya raya abin da ya bari.

Baban Sadik:
Allah ya isar mashi. Ita kuma Allah ya sanyaya mata.

Malam Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta mashi, ya ba ku haƙuri. Maman Husna ki je ki faɗa mata daga bakina cewa imaninta na nan daram, ita da ke tsoron kar imanin ya tafi ai shaida ce babba yana nan. Gwaggo da kyakkyawar niyya ta yi amma maganar ba haka take ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ke fitar rai Annabi ya ɗauke shi idanunshi na zubar da hawaye, har Abdurrahman bn Auf ya ce har kai ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce, sannan ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba mu faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yana cikin Bukhari. To wa ya kai shi tawakkali? Annabi Yaƙub ya ce fa sabrun jamil, wato sai haƙuri mai kyau, kuma shi ɗin dai Alƙur'ani ya ce idanunshi sun yi fari saboda baƙin cikin Yusuf, da 'ya'yanshi suka dame shi sai ya ce ni dai Allah nake kai wa kukana da damuwata, ku duba suratu Yusuf aya ta 84 zuwa 86. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganar saɓo irin su me na yi wa Allah. Batun azabtar da mamaci kuwa akwai hadisin, amma malamai sun ɗora shi kan irin wancan kururuwar musamman in mamacin ya yi wasicci da ita ko ya san al'adar gidanshi ce bai hana ba, kuma Nana A'isha ta kafa hujja da ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Annabi da kanshi ya ce Allah ba ya azaba saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, sai dai saboda wannan, ya nuna harshenshi. Matar da ke toshe bakinta da filo don kar marayu su farka ina ta yi kururuwa?

Maman Husna:
Allahu akbar. Malam Allah ya saka da alheri, yanzun nan zan karanta mata.

Ɗan Batsari:
Allah ya jiƙan mamaci. Amma ni gsky ku yi min afuwa na gaji da jin kalmar nan. A kashe mutum a ce a yi tawakkali, a kore shanu a ce a yi tawakkali, a hana ka noma gonar ubanka sai ka biya haraji a ce ƙaddara ce. Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara muka yi ta alƙunut, 2021 aka yanke mana sabis ɗin waya wata da watanni ko ɗan'uwanka aka ɗauka baka da yadda zaka kira, Agustan 2025 mutane na sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi aka buɗe masu wuta cikin masallaci. Duk lokacin sai manya su zo da jerin motoci su ce a yi haƙuri a koma ga Allah su juya. Su da 'yan sanda gaba da baya mu kuma da tawakkali. Ni gani nake kalmar ta zama abin rufe mana baki kawai.

Baban Sadik:
Kai ƙanena ka yi a hankali da harshenka, kar zafin rai ya kai ka inda baka so.

Ɗan Batsari:
Yaya ban zagi addini ba, masu fakewa da shi nake nufi.

Abban Walid:
Ni kuma abin da nake gani mu daina ɗora wa shugabanni komai. Allah ya ce zaharal fasadu fil barri wal bahri bima kasabat aidin nas, wato ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Waye infoma? ba cikinmu yake ba? Waye ke kai masu fetur da burodi da ƙwaya cikin daji? Ga tauye mudu ga cin amana ga zinace zinace, ga magidanci ya bar iyali ba ko ƙwayar hatsi. Zunubanmu ne suka jawo mana, sai mun tuba Allah zai yaye.

Ummin Fahad:
To Abban Walid jaririn da ba a yaye ba wane zunubin ya yi? Dan Allah a riƙa duba inda ake magana, matar na takaba za a karanta mata wannan fa.

Abban Walid:
Ban ce shi ko ita ba Hajiya, al'umma gaba ɗaya nake nufi.

Malam Abu Sumayya:
Ku tsaya, kowa cikinku ya riƙo wani gefe. Abban Walid ayar gaskiya ce, suratur Rum aya ta 41, kuma maganar infoma ba wanda zai musa. Amma ayar don kowa ya binciki kanshi ne, ba a ba mu ita don mu tsaya kan wanda masifa ta sama mu ce laifinka ne ba. Da yawan jarrabawa alamar yawan zunubi ce da Annabawa basu fi kowa shan ta ba, alhali hadisin Sa'ad bn Abi Waƙƙas a Tirmizi ya ce su suka fi kowa, sai masu bi masu a daraja. Manzon Allah 'ya'ya 7 ya haifa, 6 sun rasu yana raye, Nana Faɗima kaɗai ta rage bayanshi. A shekara ɗaya ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib.

Kai kuma Ɗan Batsari zafinka na kan hanya, sai dai wanda ya ce maka tawakkali shi ne ka naɗe hannu ka yi shiru ya cuce ka. Mutum ya tambayi Annabi in ɗaure raƙumata in dogara ko in sake ta in dogara, ya ce ɗaure ta sannan ka dogara. Ranar hijira ya san Allah na tare da shi amma ya ɓuya a kogon Saur dare 3, ya ɗauki ɗan jagora mai sanin hanya, ya bi ta inda ba a zato. Ranar Uhudu sulke 2 ya sa. Sayyidina Umar na kan hanyar Sham aka ce mashi annoba ta ɓarke can sai ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah kake? ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma shugaba bashi da hurumin fakewa da ƙaddara kan abin da aka ɗora mashi, kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi kiwon da aka ba shi. Haƙurin na wanda aka kashe wa miji ne, shi mai mulki aiki ne nashi. Ka nemi haƙƙinka ka faɗi gaskiya ka yi zaɓe da idonka buɗe, duk wannan bai fitar da kai daga tawakkali ba, abin da zai fitar da kai shi ne zuciyarka ta yanke cewa ba mai iya fidda mu.

Ɗan Batsari:
To Allah gafarta malam me ya sa ba a faɗin wannan rabin a kan mumbari in manya na sahun gaba? Kullum rabin haƙurin kawai muke ji.

Malam Abu Sumayya:
Akwai masu faɗi, akwai masu tsoro, akwai kuma masu kwaɗayi. Ba zan kare kowa ba.

Alhaji Mai Atamfa:
Salam. Ni ba malami bane amma bari in faɗi abin da na gani da idona. Gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris 2021 har da shagona, kuma lokacin na cika shi da kaya saboda azumi na matsowa ana shirin ɗinkin sallah, rabin kayan ma na mutane ne na amso daga Kantin Kwari. Na iso na tarar ko kusa ba a iya zuwa don zafi. Da wutar ta lafa na shiga, bandir ɗin shadda ya dunƙule ya zama gawayi, in ka taɓa sai ya ruguje a hannunka amma kana ganin layin ninkin yadda aka jera shi. Mutane na ta ce min Alhaji sai haƙuri, ina cewa alhamdulillah, wlh bakina ne kawai ke faɗi zuciyata bata san ina yi ba. Addu'ar nan ta Ummu Salama, Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, na yi ta ba adadi ba tare da na ji komai ba. Na daɗe ina zargin kaina ko munafunci nake. Wani dattijo maƙwabcinmu a kasuwa, Allah ya jiƙanshi ya rasu, shi ya ce min ai riƙe harshen a wannan lokacin shi ne aikin, zuciya daga baya take biyowa. Kuma haka aka yi, sai dai ta daɗe bata biyo ba.

Abin da nake so in ƙara don kar a yaudari kowa, ni har yau ban koma yadda nake ba. Da ina da yara masu tsaron shago yanzu ni ke ɗaga ƙyaure da kaina, motar ma na saida na biya bashi. Masu wa'azi na son labarin wanda ya yi haƙuri shekara na zagayowa ya ninka dukiyarshi, to yana faruwa amma ba kowa ba. In ka yi tawakkali don a biya ka nan da baɗi ranar da baɗin ta zo ba a biya ba me zaka yi? Ni abin da na samu shi ne ina kwana ina barci, kuma mutumin Kano da nake tsoron haɗa ido da shi saboda kuɗinshi shi ya kira ni ya yafe wani kaso ya sake bani kaya.

Baban Sadik:
Alhaji wannan magana ta shige ni wlh. Allah ya mayar da alheri.

'Yar Kusugu:
Slm. Tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye. Ni daga Daura nake, maigidana ke fama da ciwon ƙoda ana mashi wanki, kowane sati sai mun yi hanya, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum balle kuɗin wankin da allurai da ƙarin jini. Na saida 'yan kunnena da keken ɗinki da filin da na gada. Ba irin addu'ar da ban yi ba, tahajjud, azumin Litinin da Alhamis, sadaka, zamzam, an yi saukar Alƙur'ani. Jiki kullum ƙara lalacewa yake. Malam abin da ke bani tsoro yanzu in na ɗaga hannu sai in kasa cewa Allah ya bashi lafiya, sai in ji kamar na riga na san amsar. Sai dai in yi shiru hannuna a sama. Shin na yanke ƙauna ne?

Malam Abu Sumayya:
Allah ya bashi lafiya 'yar'uwa, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Wadda ta yanke ƙauna ba ta ɗaga hannu. Ki duba addu'ar Annabi Ayyub a suratul Anbiya aya ta 83, cewa ya yi cuta ta shafe ni kuma kai ne mafi rahamar masu rahama, iyakarta kenan, ko warkar da ni bai furta ba, halinshi kawai ya shimfiɗa gaban Ubangiji. In abin da kike iyawa kenan ki yi shi. Kuma hadisi ya zo a Musnad na Imam Ahmad cewa ba musulmin da zai yi addu'ar da ba saɓo ko yanke zumunci cikinta face an ba shi ɗayan uku, ko a gaggauta mashi, ko a ajiye mashi sai lahira, ko a tunkuɗe mashi wani sharri kwatankwacinta.

'Yar Kusugu:
Na san hadisin malam, tun a islamiyya muka haddace shi. Amma in ina kallonshi ƙafafu sun kumbura ko ruwa an ƙayyade mashi yadda zai sha yana roƙona kurɓi ɗaya ina hana shi, wlh ta farkon nake so, bana son ajiya.

Malam Abu Sumayya:
Ba laifi ki so ta farkon, ki ma nace a kanta. Annabi Zakariyya da tsufanshi ɗa ya roƙa a nan duniya kuma aka bashi. Bani da wata magana da zata ɗauke miki wannan nauyin, ƙarya ne in na ce ina da ita.

Hajiya Babba:
Jikata ke rubuta min, ni idona baya ganin ƙananan rubutun nan. Ɗiyata ta Daura, da kuma ke mai takaba, ku saurara. Ni na binne 'ya'ya uku, biyu cikin sati guda lokacin baƙon dauro tun ana zuwa rijiya ɗibar ruwa, sannan na yi jinyar malam shekaru yana kwance sai an juya shi. Abin da zan gaya maku ba a yin haƙurin shekara a rana ɗaya. Na yau kawai ake nema, in kin ga asuba ki ce Allah ka bani na yau, gobe in ta zo ki sake roƙo. Ni lokacin da na kasa addu'a hasbunallahu wa ni'imal wakil kaɗai ke fita bakina, ina daka ina faɗi ina wanki ina faɗi.

Sannan ku sauran da ke ta rubutu, ku ji. Lokacin da yarana suka rasu akwai maƙwabciyata, bata taɓa ce min ki yi haƙuri ba ko sau ɗaya, ita dai da sassafe zata shigo da tsintsiyarta ta share tsakar gida ta hura wuta ta dama koko ta wanke sauran yaran ta tafi. Haka ta yi ta yi har na miƙe. Duk masu zowa su yi min wa'azi na manta fuskokinsu, ita kam har gobe in na yi sallah sai na sa ta. Allah da ya ce zai isar wa wanda ya dogara gare shi ai ba buhu yake jefowa daga sama ba, mutum yake turowa. To ku binciki kanku ko ku ne aka turo kuka ƙi zowa.

Ummin Fahad:
Allahu akbar Hajiya. Allah ya ƙara girma da lafiya.

Malam Abu Sumayya:
Hajiya ta gama magana, kuma sunna ce ta faɗa. Da labarin shahadar Ja'afar bn Abi Ɗalib ya zo daga Mu'uta Annabi cewa ya yi ku yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da ya shagaltar da su ya zo masu. Mu yanzu mun juya abin, gidan mutuwa su ke ɗora tukunya su ciyar da 'yan zaman makoki, wani har bashi yake ci.

Abban Walid:
Yawwa malam, shi ya sa muke cewa sadakar uku da bakwai da arba'in ɗin nan duk bidi'a ce a daina.

Baban Sadik:
To fa an fara. Mu dai iyayenmu da malamanmu sun yi kuma addu'a ce ake wa mamaci, ba wanda ya ce dole sai an ci bashi.

Shugaban Zaure:
Dan Allah a tsaya nan. Wannan muhawarar an sha yin ta a zauren nan ba a taɓa gamawa ba, kuma ba ita aka tambaya ba. Duk wanda ya sake ɗauko ta zan goge.

Anti Nas:
Slm, yanzu na sauko daga aiki na ga saƙonni sun taru. Maman Husna ni abin da ya fi tsaya min ba kukan bane, shirun ne. Mace mai shayarwa ta bar cin abinci ta bar magana wannan ba abin sakaci bane. Ku lura tana barci? tana kula jaririn ko sai an miƙa mata? tana cewa gara ta bi shi ko rayuwarta bata da amfani? In akwai irin wannan ko abin ya ƙi sauƙi dan Allah ku kai ta asibiti a duba ta, a auna jininta kuma, muna ganin mata da yawa daga yankunan nan na Jibiya da Batsari da Safana da hawan jini da ciwon damuwa bayan irin wannan, wasu sai abin ya yi nisa ake kawo su don an ce masu aljanu ne ko rashin tawakkali. Ciwon damuwa ciwo ne kuma yana da magani, mai sallar dare ma yana kamuwa. Kar a bar ta ita kaɗai cikin ɗaki, kuma in ta fara maganar mijin kar a katse ta da ki yi shiru ki yi haƙuri, a bari ta faɗa. Malam dan Allah mai takaba zata iya fita asibiti ko? don nasan shi za a fara kawowa.

Malam Abu Sumayya:
Zata iya ƙwarai. Takaba wata 4 da kwana 10 ce kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 234, tana zaune a gida, amma fita don lalura irin asibiti ya halatta, ta je ta dawo ta kwana a gida. Neman magani umarnin Annabi ne. Nana A'isha ma in an yi rasuwa a danginsu takan sa a dama talbina, wani abin sha ne mai ruwa ruwa na gari da akan sa wa madara ko zuma, ta ce ta ji Annabi na cewa yana kwantar da zuciyar mara lafiya yana rage wani sashe na baƙin ciki. Kun ga ashe tun can an san baƙin ciki na bukatar a kula da jiki.

Maman Husna:
Anti barcin ne dai babu gsky, amma tana ba yaron nono. Na karanta mata maganar malam da ta Hajiya ta yi kuka sosai a gabana ban hana ta ba. Gobe in Allah ya kai mu yayanmu zai kai mu a auna ta. Gwaggo ce ban san yadda zan yi da ita ba don cewa ta yi zata dawo jibi.

Hajiya Babba:
Kar ki yi mata gardama ɗiyata, babba ce. Ki ce wani malami ya yi bayani ki karanta mata, in ta ƙi ki bar ni da ita, ki turo wa jikata lambarta ta gefe.

Alhaji Mai Atamfa:
'Yar Kusugu ki yi min magana ta gefe ko ki sa wani namiji cikin danginku ya kira ni. Bani da yawa amma akwai ɗan'uwana da ke jigila tsakanin Daura da Katsina, ko kuɗin motar aka ɗauke maku wani abu ne. In ana bukatar jini kuma a faɗa a nan, akwai matasa cikin zauren.

'Yar Kusugu:
Alhaji na rasa bakin godiya. Allah ya mayar maka da abin da wuta ta ci ninkin ba ninkin. Ƙanen maigidan zai kira ka.

Ɗan Batsari:
In jinin ya zo ɗaya ni zan bada. Malam tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke cina. Babanmu manomi ne, da sai ya cika rumbu uku ya ba maƙwabta, yau yana nan cikin Katsina a wani kango da ba ƙofa ba taga mun rataya buhu, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba yanzu in ya ga an shigo da leda sai ya sunkuyar da kai. Kullum maganarshi Allah na sane da mu. Ni kuma in na ji haka sai raina ya ƙara ɓaci, ba da Allah ba astagfirullah, da kaina da na kasa komai. Abokaina sun shiga aikin sa kai, wasu sun shiga rundunar tsaron al'umma da jiha ta kafa a 2023, ni ma ina so in shiga amma Inna ta ce in na tafi bata yafe ba, ta riga ta rasa ɗa ɗaya ba zata ƙara ba. To wanne ne tawakkalin, in tafi in dogara ga Allah ko in zauna ina kallon tsoho cikin kango?

Baban Sadik:
Subhanallah. Ƙanena ka yafe ni, ban san haka abin yake ba.

Malam Abu Sumayya:
Ɗana wannan ba tambayar da zan yanke maka da saƙo ɗaya bace. Kare rai da dukiya da mutunci halas ne, wanda aka kashe yana kare iyalinshi ko dukiyarshi shahidi ne, hadisi ya tabbata. Amma kuma wani ya zo neman izinin fita yaƙi Annabi ya tambaye shi iyayenka na raye? ya ce eh, ya ce to a kansu zaka yi jihadinka. Uwar da ta binne ɗa guda ba a tsallake hawayenta da sauƙi, kuma in ka tafi waye zai riƙa kawo ledar da kake magana? Sannan in ma zaka shiga to ta hannun hukuma, da horo da shugabanci, ba a bi zuciya a je a far wa rugar da bata san hawa ba bata san sauka ba don kawai yarensu ɗaya da ɓarayi, wannan ya ƙara rura wutar nan ba kaɗan ba kuma jinin mara laifi ko na waye Allah zai tambaya. Maganar babanka kuwa kar ka raina ta, mutumin da ya rasa rumbu uku bai rasa Allah na sane da mu ba, ita ke riƙe da shi.

Ɗan Batsari:
Na ji malam. Amma gsky zuciyata bata kwanta ba, in kowa ya ce uwarshi ta hana waye zai tsaya?

Abban Walid:
Wannan tambayar taka ma gaskiya ce wlh.

Malam Abu Sumayya:
Gaskiya ce, kuma ban ce ta kwanta yau ba. Kar ka yanke komai cikin fushi, ka yi istihara. Ranar Juma'a in an sauko ka jira ni, ina so ka kai ni in gaida baba, in Inna ta yarda kuma mu zauna mu uku in ji ta bakinta.

Alhaji Mai Atamfa:
Malam in zaku tafi ku biyo ta kasuwa ku ɗauke ni, akwai kafinta kusa da ni sai mu tafi da shi ya auna ƙofar da tagogin. Ɗan Batsari ɗaki nawa ne?

Ɗan Batsari:
Biyu ne Alhaji, amma ɗayan ko rufi babu.